Abin da ya kamata ku sani kan bai wa yaron da aka yaye tatsattsen nonon uwa

A 'yan shekarun nan, tatsar nono da ajiye shi ya zama ruwan dare a tsakanin matan birni masu aikin ofis da masu zaman shago. Uwa takan tatsa da asuba kafin ta fita, ta bar wa mai raino, ta sake tatsa idan ta dawo. Wata kuma Allah Ya hore mata ruwan nono sosai, har ta wayi gari firizarta ta cika da abin da jaririnta ba zai iya shanyewa ba.

A irin wannan gida ne tambaya takan taso, musamman da hunturu ko tsakiyar damina, lokacin da yayan jaririn mai shekara uku ko biyar ya dawo daga makaranta da tari da majina. Tun da kullum ana cewa nonon uwa na ɗauke da kariya daga cututtuka, me zai hana a zuba masa ragowar a kofi, ko a dama masa kunu da shi?

Amsar a taƙaice ita ce, nonon mahaifiya mai lafiya, wanda aka tatsa da tsafta aka kuma ajiye yadda ya kamata, ba ya cutar da yaron da aka yaye. Sai dai ga yaron da ya riga ya saba da tuwo da miya, matsayin nonon bai wuce na abin sha mai gina jiki ba. Haɗarin yana zuwa ne ta hanyar ajiya marar kyau, da karɓar nonon wata mace, da tauye haƙƙin jariri, da kuma jinkirin zuwa asibiti saboda an dogara da shi a matsayin magani.

Yadda batun ya taso

Bai wa babban yaro nono ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tsofaffi sun san ana ɗiga nono a idon yaro ko kunnensa idan yana ciwo, an kuma san yaron da aka yaye kan koma wa mama idan an yi masa ƙane. Abin da ya sauya shi ne zuwan na'urar tatsa da firji, waɗanda suka sa nono ya zama abin da ake iya aunawa, a ajiye, a kuma miƙa wa wani.

Yanayin aiki ma ya taimaka. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun haihuwa na mako 12, da rabin awa sau biyu a rana domin shayarwa bayan an koma aiki. Jihohi irin su Legas da Kaduna sun tsawaita hutun ma'aikatansu mata zuwa wata shida, amma mace mai aiki a kamfani ko mai shago a kasuwa takan koma bakin sana'arta tun jariri bai cika wata uku ba. Tatsa ita ce hanyar da ta rage mata idan tana son ya ci gaba da shan nononta zalla.

Batun ya ƙara ƙarfi a shekarar 2021, lokacin annobar korona. Bincike ya gano sinadaran garkuwa a nonon matan da aka yi wa rigakafin cutar, a daidai lokacin da ba a fara yi wa ƙananan yara allurar ba. Jaridun Amurka sun ruwaito yadda wasu iyaye mata suka riƙa zuba nono a abincin manyan yaransu da fatan kare su. Daga can ne shafukan sada zumunta suka yaɗa maganar zuwa ƙasashe da dama.

Abin da ke cikin nono

Kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, abin da ya sa jaririn da bai kai wata shida ba ba ya buƙatar a ba shi ruwa ko da a tsakiyar bazara. Sauran ya ƙunshi sukarin madara da ake kira laktos, kimanin kashi bakwai, da mai kimanin kashi huɗu, da furotin kimanin kashi ɗaya, sai bitamin da ma'adinai.

Abin da ya bambanta shi da kowace irin madara shi ne sinadaran kariya. Akwai sinadarin garkuwa da likitoci ke kira IgA, wanda ke lulluɓe bangon maƙogwaro da hanji ya hana ƙwayoyin cuta maƙalewa. Akwai laktoferin, wanda ke riƙe sinadarin ayon da wasu ƙwayoyin bakteriya ke buƙata domin hayayyafa. Akwai laisozim, mai fasa bangon wasu ƙwayoyin. Akwai kuma wasu nau'o'in sukari fiye da 100 waɗanda cikin jariri ba ya narkar da su, aikinsu shi ne ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanjinsa. Sabon nono yana ɗauke har da fararen ƙwayoyin jini masu rai.

Dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya wanda ke fitowa a kwanakin farko bayan haihuwa, shi ya fi kowane yawan waɗannan sinadarai. Har yanzu akwai gidajen da ake matse shi a zubar bisa zaton ƙazanta ne, alhali shi ne kariyar farko da jariri ke samu.

Nono kuma ba ya tsinkewa ya zama ruwa bayan shekara guda, kamar yadda wasu ke faɗa. Binciken da aka yi a kan matan da suka shayar fiye da shekara ya nuna cewa furotin da sinadaran garkuwa ba sa raguwa a shekara ta biyu, wasu ma ƙaruwa suke yi, ko da yake zinki da kalsiyam kan ragu.

Inda hujjar masana ta yi ƙarfi

Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, sun ba da shawarar a sa jariri a mama cikin awa guda da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata shida, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara biyu ko fiye.

A cewar hukumar, nono na iya samar da rabi ko fiye na ƙarfin da yaro ke buƙata tsakanin wata shida zuwa 12, da kashi ɗaya cikin uku tsakanin wata 12 zuwa 24. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa inganta shayarwa a duniya zai iya ceton rayukan yara fiye da 800,000 a kowace shekara, galibi ta hanyar rage gudawa da ciwon huhu.

Abin lura shi ne, waɗannan alƙaluma an tattara su ne a kan jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara biyu, masu shan nono kullum, sau da yawa a rana. Shawarwarin hukumomin lafiya ba su haɗa da bai wa yaron da aka yaye nono domin rigakafi ko magani ba. Ɗaukar sakamakon binciken jarirai a ɗora shi a kan ɗan shekara biyar mai shan rabin kofi jefi-jefi kuskure ne na lissafi.

Dalilin bambancin yana jikin yaron ne. Jariri yakan zo duniya da garkuwar da ya samu daga mahaifiyarsa ta hanyar mabiyiya, wadda ke raguwa cikin watannin farko, alhali jikinsa bai ƙware wajen ƙera tasa ba. Nono ne ke cike wannan giɓi. Yaron da ya kai shekara huɗu kuwa jikinsa yana ƙera garkuwarsa da kansa, ya karɓi alluran rigakafi, ya kuma haɗu da ƙwayoyin cuta iri-iri jikinsa ya gane su.

Lissafin kofi guda

Hanya mafi sauƙi ta gane matsayin nono ga babban yaro ita ce a auna kofi guda mai ɗaukar mililita 200.

Wannan kofi na nonon uwa na ba da kalori kimanin 130 zuwa 140. Yaro ɗan shekara huɗu na buƙatar kalori 1,200 zuwa 1,400 a rana, ke nan kofin ya biya masa kusan kashi ɗaya cikin goma na buƙatarsa.

Ta fuskar furotin, kofin na ɗauke da kimanin giram biyu. Kofi irinsa na madarar shanu na ɗauke da giram shida zuwa bakwai, ƙwai guda ɗaya kuma kimanin giram shida. Ta fuskar kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da haƙori, madarar shanu ta ninka nonon uwa kusan sau huɗu. Sinadarin ayon mai ƙara jini ma kaɗan ne a nono, shi ya sa daga wata shida ake buƙatar abinci irin su hanta da kifi da nama da wake.

Wannan ba aibi ba ne ga nonon. An tsara shi ne daidai da ƙodar jariri da cikinsa, waɗanda ba za su iya ɗaukar yawan furotin da gishirin madarar shanu ba. Amma yaron da ke guje-guje a tsakar gida yana zuwa makaranta, abin da zai gina shi yana cikin tukunyar gidan: wake da gyaɗa da awara da ƙwai da kifi da zogale da 'ya'yan itatuwa. Uwar da ke ganin ɗanta ya rame za ta fi ganin sauyi idan ta ƙara masa ƙwai guda ko kunun gyaɗa a kullum fiye da idan ta ba shi kofin nono.

Batun garkuwa da magani

Masu ba manyan yara nono galibi ba gina jiki suke nema ba, garkuwa suke nema. A nan akwai abubuwa biyu da ya kamata a fahimta.

Na farko, sinadaran garkuwar da ke cikin nono a saman maƙogwaro da hanji suke aikinsu. Ba sa shiga jinin yaro da yawan da zai ba shi kariya mai ɗorewa, ba kuma sa koya wa jikinsa ƙera irinsu kamar yadda allurar rigakafi ke yi. Bayan ɗan lokaci sukan wuce tare da abinci. Jariri na cin moriyarsu ne saboda yana sha sau takwas ko fiye a rana, ana sabunta masa su dare da rana. Samun sinadaran garkuwar korona a cikin nono, kamar yadda binciken 2021 ya nuna, bai zama hujjar cewa yaron da ya sha kofi guda ya tsira daga cutar ba.

Na biyu, ajiya na rage ƙarfin nono. Daskarewa a firiza na kashe ƙwayoyin halitta masu rai da ke cikinsa, tafasawa kuma na lalata yawancin sinadaran garkuwa. Wadda ta zuba nono a tafasasshen kunu ta bai wa yaro mai da sukari da furotin, amma abin da ta fi nema ya riga ya tafi.

Akwai kuma maganar da ke yawo cewa nonon uwa na warkar da ciwon daji. Asalinta wani bincike ne da aka wallafa a 1995 daga Jami'ar Lund da ke ƙasar Suwidin, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Catharina Svanborg. Masanan sun gano cewa idan wani furotin na nono ya haɗu da wani nau'in mai, yakan zama sinadarin da ke kashe ƙwayoyin ciwon daji a ɗakin gwaji, suka raɗa masa suna HAMLET. Daga baya an gwada wani magani da aka ƙera bisa wannan tsari a kan masu ciwon dajin mafitsara, ana zuba shi kai-tsaye cikin mafitsarar. Wannan aikin ɗakin gwaji ne da asibiti, ya sha bamban da shan nono a kofi. Mai fama da ciwon daji ma garkuwarsa takan yi rauni saboda magungunan da yake karɓa, don haka nonon da ba a tace ba na iya jawo masa wata cutar.

Jariri ne a gaba

A gidan da ake da jariri, shi ne mai haƙƙin farko a kan nonon. Tsakanin wata ɗaya zuwa shida yakan sha kimanin mililita 750 a rana, kuma ba shi da wani abinci bayan wannan. Yayansa kuwa yana da zaɓi. Duk kofin da aka ba babba alhali ƙaramin bai ƙoshi ba, an ɗauke shi ne daga bakin wanda ya fi buƙata.

Wannan magana na da nauyi a Najeriya, inda binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 29 cikin 100 ne kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Matsalar da ta fi yawa ita ce jarirai ba sa samun abin da ya ishe su.

Alamomin da ke nuna jariri na ƙoshi sun haɗa da yin fitsari aƙalla sau shida a rana bayan makon farko, da ƙaruwar nauyi a katin awo, da sakin mama da kansa bayan ya sha. Idan waɗannan sun tabbata, ragowar da ta taru za a iya bai wa yayansa maimakon a zubar.

Ita ma uwar akwai abin da ya kamata ta kiyaye. Jiki na samar da nono ne gwargwadon yadda ake cire shi. Wadda ta ƙara yawan tatsa domin ta ciyar da yara biyu tana umartar jikinta ne ya ƙara samarwa, abin da kan jawo cikar mama da tauri, da toshewar hanyoyin nono, wani lokaci har da kumburi mai zazzaɓi. Shayarwa na cin kalori kusan 500 a rana daga jikin uwa, don haka ƙarin tatsa na buƙatar ƙarin abinci da hutu.

Game da matar da ta yi kwanika, wato ta samu ciki tana goyo, akwai tsohon zaton cewa nononta ya lalace kuma shi ke sa wa yaro gudawa. Likitoci ba su yarda da haka ba. Nonon yakan ragu ya sauya ɗanɗano, amma ba ya zama guba. Yaye na gaggawa da ake yi saboda wannan tsoro shi ya fi jefa yaro cikin tamowa. Sai dai mai tarihin ɓari ko naƙudar bakwaini, ko mai zubar jini, ya kamata ta nemi shawarar likita ko ungozomar asibiti kafin ta ci gaba.

Zafi da ɗaukewar wuta

Mafi yawan cutarwar da tatsattsen nono ke yi daga ajiya take fitowa. Ƙa'idojin da Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Amurka ta fitar, waɗanda asibitoci da dama ke bi, sun nuna cewa sabon nono na iya zama a ɗaki har awa huɗu idan zafin ɗakin bai wuce digiri 25 a ma'aunin Selshiyos ba. A firji yana kai kwana huɗu. A firiza wata shida ya fi, ko da yake ana iya kai shi wata 12. A cikin kula mai ƙanƙara kuma yana kai awa 24.

Waɗannan alƙaluma na buƙatar gyara a Arewacin Najeriya. A Kano da Sakkwato da Maiduguri, zafi kan haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, don haka awa huɗun nan ba ta aiki a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska. A irin wannan yanayi, nonon da aka tatsa a ofis ko a shago ya kamata ya shiga kula mai ƙanƙara nan take.

Kwana huɗun firji ma an ƙiyasta su ne bisa wutar da ba ta yankewa. Firjin da ke kwana a kashe ya wuni a kunne ba ya riƙe sanyin da ake buƙata. Firiza cikakkiya da ba a buɗe ba na iya riƙe sanyinta kimanin awa 48 bayan ɗaukewar wuta, mai rabi kuma awa 24. Idan wuta ta dawo aka tarar da sauran ƙanƙara a cikin nonon, ana iya barinsa ya sake daskarewa. Idan ya narke gaba ɗaya amma da sauran sanyinsa, sai a yi amfani da shi cikin awa 24, ba a mayar da shi firiza. Idan kuwa ya ɗumama, zubarwa ita ce mafita.

Kafin tatsa, a wanke hannu da sabulu, a wanke duk sassan na'urar da nono ke taɓawa, a bar su su bushe. A zuba a mazubi mai murfi, a rubuta ranar tatsa a jiki, a fara amfani da wanda ya fi daɗewa. Wajen ɗumamawa, a tsoma mazubin a ruwan ɗumi, kada a ɗora a wuta ko a sa a na'urar ɗumama abinci ta lantarki, domin takan bar wani sashe da zafin da zai ƙona baki. Abin da yaro ya sha ya rage a kofi, kada ya wuce awa biyu.

Nonon da aka ajiye yakan rabu gida biyu, mai ya taso sama, girgizawa kaɗan ke haɗa shi. Wani kuma yakan yi warin sabulu bayan ya narke saboda wani sinadari da ke narkar da mai, wannan ba lalacewa ba ce. Wari mai tsami irin na ruɓaɓɓiyar madara shi ne alamar a zubar.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ware wa babban yaro nonon da ake shakkar ingancinsa, bisa tunanin cewa cikinsa ya fi ƙarfi. Wanda bai dace da jariri ba saboda lalacewa, bai dace da yayansa ba.

Nonon wata mace

Lamarin yakan sauya gaba ɗaya idan nonon na wata ce, ko ƙanwa ko kishiya ko maƙwabciya. Nono ruwan jiki ne, yana iya ɗaukar ƙwayar cutar HIV da wasu ƙwayoyin, haka nan magungunan da mai shi ke sha. Mace na iya ɗauke da cuta ba ta sani ba, kuma kyan jiki ba ya maye gurbin gwajin jini.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya auna nono 101 da aka sayo ta intanet, ya tarar kusan kashi uku cikin huɗu na ɗauke da ƙwayoyin bakteriya masu yawa ko masu haɗari. Wani da ya biyo baya a 2015 ya gano cewa kimanin ɗaya cikin goma an gauraya shi da madarar shanu. Tun a 2010 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta gargaɗi iyaye kan karɓar nono kai-tsaye daga hannun mutane ko ta intanet.

Hanyar da likitoci suka amince da ita ita ce ta rumbun ajiyar nono na asibiti, inda ake gwada jinin mai bayarwa, a kuma dafa nonon a zafin digiri 62.5 na minti 30. Brazil ce ke da irin waɗannan rumbuna mafi yawa a duniya, fiye da 200, Kenya kuma ta buɗe nata na farko a 2019 a asibitin haihuwa na Pumwani da ke Nairobi. Ko a waɗannan wurare, bakwaini da jarirai marasa lafiya ake fara bai wa.

Ita ma mahaifiyar da ke ɗauke da HIV, an ba ta shawarar shayar da jaririnta ne tare da shan magani a kan kari, domin amfanin nonon gare shi ya rinjayi haɗarin. Wannan ma'auni bai shafi yaron da aka riga aka yaye ba, don haka babu dalilin mayar da shi ga nonon.

Ga Musulmi akwai ƙarin hukuncin shayarwa. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu a matsayin cikar shayarwa, aya ta 23 a Suratun Nisa'i kuma ta haramta auren uwar shayarwa da 'yan'uwan shan nono. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya bayyana cewa duk nonon da ya isa cikin yaro a cikin shekara biyu yana haramta aure komai ƙanƙantarsa, ko da ɗura aka yi masa, kuma abin da ya ɗara shekara biyun da wata ɗaya ko biyu yana bin wannan hukunci. Idan kuma an yaye yaron har ya wadatu da abinci, abin da ya sha daga baya ba ya haramtawa. Shafi'iyya da Hambaliyya sun sharɗanta sha biyar. Ke nan kofi da cokali ba sa kawar da hukuncin, kuma iyalin da suka bai wa ƙaramin yaro nonon wata ya kamata su rubuta su ajiye, su kuma tuntuɓi malami, domin kada maganar ta taso sai ranar neman aure.

Ido da kunne da yaro marar lafiya

Ɗiga nono a ido ko kunne na daga cikin tsofaffin magungunan gida, amma likitocin ido ba su goyon bayansa. Nono na ɗauke da sukari da ƙwayoyin bakteriya daga fata, kuma babbar illarsa ita ce ɓata lokaci. Jaririn da bai cika wata ɗaya ba idan idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya, yana iya kasancewa ya kamu da ƙwayar ciwon sanyi lokacin haihuwa, wadda ke iya makantar da shi cikin 'yan kwanaki. Ciwon kunne kuwa galibi a bayan dodon kunne yake, inda abin da aka ɗiga daga waje ba ya isa.

Ga yaron da ke kan mama, ko ya haura shekara biyu, ci gaba da shayarwa lokacin rashin lafiya abu ne mai kyau, domin sau da yawa nono ne kaɗai abin da yake karɓa. Ga wanda aka yaye, idan ya karɓi tatsattsen nonon mahaifiyarsa babu laifi, amma maganin gudawa shi ne ruwan gishiri da sukari na asibiti tare da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14. Zazzaɓi na buƙatar gwajin maleriya, ƙyanda kuma allurar rigakafi ce ke hana ta.

Akwai alamomin da ba a jira da su a gida: yaro ya kasa sha ko cin komai, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko jijjiga, ko numfashi da sauri haƙarƙari na lotsawa, ko jini a bayan gida, ko kumburin ƙafafu biyu, ko barcin da ba a iya tashinsa. Duk wanda aka ga ɗaya daga cikinsu a jikinsa, a nufi asibiti da shi a ranar.

Uwar da ke da ragowar nono bayan jaririnta ya ƙoshi, tana da lafiya, ta kuma tabbatar da ajiyarsa, tana iya bai wa babban ɗanta idan yana so, ba tare da fargaba ba. Idan ya ƙi, kada a tilasta masa, domin babu abin da ya rasa wanda abincin gida da katin rigakafinsa ba za su ba shi ba.